Ruwan Baffa

Washegarin ranar da muka binne Baffa, ƙanen mahaifina, ruwa ya zo. Wannan ne ya tayar wa mutanen garinmu hankali, ba mutuwar ba, don mutuwa mun saba da ita. Shekara uku cur kowa ya san famfo ba ya kawo ruwa sai Baffa ya fito da hantsi, ya buɗe ƙofar shingen waya, ya shiga ɗan ɗakin inji ya turo ƙofa, ya jima a ciki. Sannan a ji gurnani daga ƙasa, tanki ya fara ɗauka. Ranar kuwa ga kwaɗo a ƙofa, ga mai mabuɗin a maƙabarta ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba, sai ga gurnanin nan daidai lokacin da ya saba. Mata uku ne a bakin famfon, sun je ajiye bokitai ne kawai don kama layi. Ɗayarsu ta ce da ruwan ya tsarto sai da ta ja da baya tana salati. Babu wadda ta yarda ta tara bokiti sai da liman ya zo ya yi bisimilla ya kurkure baki.

Ni na san dalili. Na sani sarai, na kuma yi shiru, kuma shirun nan ne ya sa nake wannan rubutu.

Garinmu ƙaramin gari ne tsakanin Zango da Baure, in ka sauka daga kwalta sai ka yi rabin sa'a a kan babur cikin yashi. Ni malamin firamare ne, a nan aka haife ni, a nan nake koyarwa. Kafin famfo, rijiya ɗaya gare mu a gabas da gari, tun ta kakanni, mai zurfin da in ka leƙa da rana tsaka ba ka ganin ruwan sai ɗan ƙyalli. Duk shekara in bazara ta kama a kan yi gayya a yashe ta, kuma mutum ɗaya ne ke shiga: Yayana, wanda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Haƙar rijiya ce sana'arsa. Gajere ne kakkaura, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru, ga dariya ba ta yi masa wuya. Tun ina yaro yake ce mini ɗan boko, har na yi furfura bai daina ba.

Da aka kawo famfo sai aka watsar da rijiyar. Aka jera itace a bakinta, aka ɗora ƙaya don awaki, shi ke nan. Shekarar farko Yaya ya ce a yashe ta, aka yi masa dariya. Ta biyu ya sake faɗa, aka ce neman aiki yake. Ta uku bai ce komai ba sai gare ni, muna cin tuwo: "Ɗan boko, ka roƙi Allah kada ƙarfen nan naku ya tsaya. Ranar da ya tsaya ni za a kalla, kuma rijiyar da ta shekara uku ba a buɗe ta ba, ba ta san mutum ba." Na ce masa ya ci tuwonsa, ƙarfe ba ya tsayawa in ana kula da shi.

Famfon na hasken rana ne. Wasu mutane ne daga birni suka zo suka haƙa burtsatse, suka kafa tanki a bisa ƙarfe, suka jera faranta goma sha biyu masu kama da gilashi a kan wani dandamali, suka gina ɗan ɗaki don akwatin injin, suka kewaye duka da waya mai ƙaya a samanta. Injiniyan da ya yi aikin, wani dogo mai yawan shan shayi, ya nemi a ba shi wanda ya iya karatu, aka ba shi ni. Kwana biyu yana koya mini. Ya ce injin shi ke tayar da kansa in rana ta bugi faranta, shi ke kwantar da kansa in ta faɗi, ba ya neman kowa a wannan. Abin da yake nema kaɗan ne, amma kullum ne. A wanke faranta da ruwa da tsumma mai laushi kafin rana ta gasa su. A share ƴan hudojin da akwatin ke shan iska, don in suka toshe zai yi zafi ya kashe kansa. In koriyar fitila ce a kunne, lafiya. In ja ce, a share, a jira ya huce, a danna baƙin maɓalli. In ya ƙi, a kira shi. Ya ɗauki fenti ya rubuta lambar wayarsa ɓaro-ɓaro a bayan ƙofar ɗakin, daga ciki, wai don kada ruwan sama ya wanke ta. Ni kuma, wawan, ban kwafe ta ba. Me zan kwafa, tunda kullum ni zan shiga?

Ranar miƙa aiki aka kafa rumfa, aka yi jawabai, aka sha lemo. Injiniya ya ɗaga mabuɗi, guda ɗaya tal a kan jan zare, ya kira ni ya damƙa mini a gaban jama'a. To, a garinmu ba a yin haka. Baffa yana zaune a sahun gaba kusa da mai gari, shi ne babban gidanmu tun rasuwar mahaifina, kuma a filinsa aka haƙa burtsatsen, katangar gidansa ta baya ma jingine take da shingen. Ya za a yi ɗa ya sa mabuɗi a aljihu ubansa na kallo? Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba goron ɗaurin aure ya sa albarka ya mayar. Ya karɓa, ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Sannan ya zura shi a aljihun babbar rigarsa. Na yi ta jira a durƙushe har gwiwata ta yi sanyi. Motar baƙi ta tashi, ba mu ƙara ganinsu ba.

Bayan kwana biyu na je na ce, "Baffa, akwai ƴan abubuwan da aka ce a riƙa yi." Na lissafa masa duka a zaurensa, matarsa Inna tana kai da kawo da kwanon fura. Ya saurara yana jan carbi, ya ce, "Na ji, Allah ya yi maka albarka, je ka ga ɗalibanka." Daga ranar ban ƙara taka cikin shingen ba. Haushi ya cika ni, ba na ɓoyewa. Tsoho mai ciwon gwiwa, wanda sai an kama shi yake miƙewa daga sujada, shi ne zai hau dandamali ya wanke faranta? Na zuba ido in ga ranar da abin zai tsaya. Bai tsaya ba. Duk safiya in na wuce zuwa makaranta faranta na ƙyalli, ƙasan wurin a share tas da zanen tsintsiya. Mutane suka koma kiransa ruwan Baffa, har ana cewa wani abu yake tofawa a cikin ɗakin. Shi kuma bai taɓa musawa ba.

Ya rasu da asuba, farkon bazara, bayan jinyar kwana huɗu da bai yarda jinya ba ce. Da aka dawo daga jana'iza aka yi abin da aka saba: aka rufe ɗakinsa da kayansa duka, aka sa kwaɗo, sai magada sun hallara a yi rabon gado. Babban ɗansa direban babbar mota ne a kudu, ya ce sai bayan arba'in zai samu zuwa. Kowa ya ɗauka mabuɗin famfo na cikin ɗakin, a aljihun rigar. Inna kuma ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita.

Ranar sadakar uku na yi magana a gaban dattawa. Na ce a buɗe ɗakin a ciro mabuɗin kawai, ko a fasa kwaɗon shingen. Liman ya ce ba a taɓa kayan mamaci bayan idon magada, akwai marayu a ciki. Mai gari ya ce shinge kayan hukuma ne, a wani gari can wajen Mai'adua an kwance faranta an tsallaka da su iyaka, in muka fasa kwaɗo mu za a kira ɓarayi. Ban gama buɗe baki ba wani abokin wasana, mai bakin tsiya, ya ce, "Malam, ko bakwai ba a yi ba har ka fara neman gadon mabuɗi? Ai ga shi nan daga kabari ma yana ba mu ruwa." Aka kwashe da dariya a zaman makoki. Jini ya hau mini ka. Na kakkaɓe rigata na ce wallahi ba zan ƙara sa baki a maganar famfo ba, ranar da ya tsaya su je maƙabarta su tashe shi. Liman ya ce in yi istigifari. Na yi, amma a baki.

Mako biyu ruwa na zuwa yadda ya saba, mutane na ɗiba suna waige-waige. Mata suka daina zuwa su kaɗai. Aka daina hira a layi. Butar Baffa tana nan cikin shingen a bakin ƙofar ɗakin, inda ya ajiye ta ranar ƙarshe, kowa na ganinta ta cikin waya ba mai iya ɗaukowa. Ni da na san injin ke tayar da kansa, wallahi duk da haka in na zo wucewa gurnanin ya tashi sai in kalli ƙofar ina jira ta buɗe.

A mako na uku ruwan ya sake hali. Ya zo da hantsi, rana na take tsaka ya ɗauke, sai bayan la'asar ya ɗan dawo. Tsofaffi suka ce haka Baffa yake, ba ya wuce ƙailula. Kullum hutun na ƙara tsawo, ruwan na ƙara sirancewa, gurnanin ya koma wani nishi-nishi mai yankewa. Wata tsohuwa ta ce mamaci sai ya yi arba'in yake nisa da gida, to ga shi nan yana nisa muna ji.

Wata rana da azahar, ba kowa a wurin, na tsaya na manna fuska a waya. Tantabaru sun mayar da faranta wurin kwana, kashinsu fari fat ya rufe rabinsu, ga ƙasar da guguwa ke watsawa ta kwanta a kai. Wannan na gane shi. Abin da ban gane ba yana ƙarƙashin dandamalin, inda ruwan wanki ke ɗiga ya yi laka ya bushe. Sawun ƙafa ne birjik, ba takalmi, wani kan wani, na shekaru. Ƙanana ne, sirara. Baffa kuwa ƙafa gare shi kamar faranti, a Daura ake yanka masa takalmi don ba a samun daidai shi a kasuwarmu. Ba sawunsa ko ɗaya a wurin. Na daɗe ina kallo, rana na dukan ƙeyata. Na juya na tafi, ban waiwaya ba, ban kuma gaya wa kowa ba.

A cikin kwanakin nan sau biyu matata ta dawo daga gidan makoki ta ce, "Inna ta ce ka leƙo ta." Na ce mata na yi gaisuwa ranar farko, na yi ranar uku, na yi ranar bakwai, me ya rage? Gidan da aka riƙe mini mabuɗi shekara uku ba zan yi ta sintiri a cikinsa ba. Ta ce, "Ita me ta yi maka?" Na ce ta kawo mini abincina.

Ranar Lahadi, kwana talatin da ɗoriya da rasuwar, rana ta fito ta bugi faranta, ba a ji komai ba. Mata suka zauna a kan bokitansu har azahar. Litinin ma haka. Aka koma ɗaura wa shanu amalanke ana zuwa wani ƙauye mai nisan tafiyar sa'a biyu, su ma rijiyarsu da kyar take ɗaukar su, har an fara musayar baƙar magana a bakinta. Zafi kuwa ba a cewa komai, ko kaji baki buɗe suke yawo. Dabbobi suka fara kuka irin wanda ba ya barin mutum ya ci abinci. Ba wanda ya je wurin Yaya. Ba sai an je ba, kallonsa kawai ake yi in ya fito daga masallaci.

Talata da safe aka janye ƙaya da itace daga bakin rijiyar. Ina wurin. Wani wari ya taso, ba na mushe ba, mai nauyi, mai ɗan zaƙi-zaƙi. Ba tsuntsu ko ɗaya da ya fito daga ciki, alhali da can tsattsewa ke gida a bangonta. Yaya ya kunna fitilar ƙwai ya ɗaura mata igiya ya riƙa saki a hankali, muna leƙe. Tana sauka tana ƙanƙancewa, tana haska bango. Ba ta kai rabi da kwata ba harshen wutar ya yi shuɗi, ya kwanta, ya mutu, ba ko kaɗawar iska. Yaya ya jawo ta ya sake kunnawa. Daidai wurin ta sake mutuwa. Ya sa aka saro rassan darbejiya aka ɗaure su dami guda, ana zura su ana jawowa da sauri don a kori mugunyar iskar. Haka aka wuni, haka aka yi Laraba.

Laraba da yamma na same shi yana murza sabuwar igiya a ƙofar gidansa. Na ce, "Yaya, don girman Allah kada ka shiga. Ka ba ni zuwa Asabar, zan je Daura in nemo ofishin mutanen da suka kafa famfon, ko in fasa kwaɗon a ɗaure ni."

Ya ce, "Au, ashe bakinka ya buɗe? Na ji an ce ka rantse."

Na ce, "Ba wasa nake ba."

Ya ce, "Ni ma. Ɗan boko, ka san wani abu? Shekarun nan in na zo wucewa nakan kara kunne a itacen bakin rijiyar. In injinku na aiki ana jin gurnaninsa a cikinta, can ƙasa. Ruwan ɗaya ne, suna jin juna. Yau na saurara, shiru take, kamar tana jiran wani." Ya yi dariya ganin fuskata. "To, na ji, Asabar. In dai fitila na mutuwa ai ko an biya ni ba na shiga."

Na riƙe "Asabar" na bar sauran maganar. Da na shiga gida matata ta ce, "Inna ta sake aike, ta ce ko ba don ita ba, don Allah." Na ce gobe.

Goben ma ban yi sammako ba, kuma wannan safiyar ce nake ƙirga daƙiƙoƙinta har yau. Na zauna na sha koko da ƙosai. Na je makaranta na tsaya taron safe, na yi kiran suna, na rubuta aiki a allo, har na tsaya gardama da wani malami a kan jadawali. Sai da hantsi ya dubi ludayi sannan na ja ƙafa zuwa gidan Baffa, ina shirya gajeriyar gaisuwar da zan yi in fito.

Inna na ɗakinta, asabari a sake. Na tsuguna daga waje na gaishe ta, na yi mata ya haƙuri. Ban ga komai nata ba sai ƙafafunta a kan tabarma ta ƙarƙashin asabarin. Ƙanana, sirara, duga-dugan duk faso. Daidai sawun da na gani ƙarƙashin dandamali.

Ta ce, "Malam, ka zo? Gilasan nan yau kwana talatin da bakwai ba su ga ruwa ba. Akwatin kuma zanzaro ke son hudojinsa, in ba a kakkaɓe da gashin kaza ba kwana kaɗan suke like su da laka."

Na ce, "Inna, ke ce?"

Ta ce, "Ranar da ka zo kana gaya masa, ina nan ina ji. Shi ai gwiwa ba ta barin sa hawa tsani, kuma ba zai iya cewa ɗansa ya fi shi ba. In maza sun tafi sallar asuba sai in bi ta ƙofar baya da tsanina, in wanke, in share, in dawo in sa masa mabuɗin a aljihu. Shi kuma da hantsi ya shiga ya zauna ya yi lazimi har ruwa ya zo. Ranar da Allah ya karɓi abinsa na dawo ke nan na tarar da shi, ban kai ga mayarwa ba."

Na ji tana kwance wani ƙulli. Hannunta ya fito ta gefen asabari, ta ajiye shi a ƙasa ta janye. Mabuɗin ne, da jan zarensa ya koma baƙi. Duk kwanakin nan yana ɗaure a bakin zanenta, taku ashirin daga shingen.

Muryata ta ɗaga, Allah ya yafe mini. Na ce, "Haba Inna! Gari na ƙishi, me ya hana ki aiko da shi?"

Ta ce, "In ba wa? Duk wanda na ba zai ce ya aka yi ya zo hannuna, in tona masa asiri yana kwance? Garin nan da ruwa suka san shi. Kai ne ɗansa, kai aka koya wa, kai kaɗai za ka karɓa ka yi shiru. Sau uku na aika, Malam."

Na suri mabuɗin, na suri tulun ruwan da aka kawo mata na alwala, na bi ta ƙofar baya. Kwaɗon ya buɗe ba gardama. Cikin ɗakin akwai buzun Baffa a shimfiɗe, da carbinsa a rataye a ƙusa, da gashin kaza guda uku a soke a jikin bango. Ga lambar injiniya a bayan ƙofa. Jar fitila na kallona. Hudojin akwatin kuwa duk zanzaro sun gine su. Na farfasa lakar, na kakkaɓe, na hau dandamali na cire rigata na mayar da ita tsumma, ina kankare kashin tantabaru da farce. Duka aikin bai kai minti arba'in ba. Na sauko na yi bisimilla na danna baƙin maɓalli. Fitilar ta koma kore. Ƙasa ta ɗauki gurnani a ƙarƙashin ƙafata.

Matan da ke zaune a kan bokitai suka miƙe. Da ruwan ya faɗo wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Ina tsaye ba riga ina haki, ina jin daɗi, har ina tunanin fuskar abokin wasan nan nawa in ya gani. Sai na ji wata ƙara daga gabas, a ƙarƙashin guɗar. Maza ne, kuma salati suke.

Abin da ya faru daga baya aka gaya mini. Da safen nan, ina shan koko, an zura fitila ta kai har ƙasa ba ta mutu ba. Sau biyu aka gwada. Saniyar wani maƙwabci ta kwanta ta kasa tashi. Yaya ya ce ba amfanin jiran Asabar, ɗan boko zai yi fushi ya huce. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, yana yi wa masu riƙon igiyar ba'a. Ya aiko da guga biyu na laka. Da ya caka shebur karo na uku, iskar da ke kwance a ƙarƙashin lakar ta taso. Mutum huɗu ne a kan igiyar, kuma na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, a ranaku daban-daban, maganarsu ba ta saɓa ba. Sun ce ya yi shiru, suka kira ba amsa, suka leƙa. Sai suka ji gurnani ya tashi daga can ƙasan rijiyar, a hankali, ya cika ta. Ɗayansu ya ce, "Ai ga famfo ya tashi, ku ce ya fito." Suka ja, igiyar ta zo da nauyin mutumin da ba ya taimakon kansa.

Na iso ana kwantar da shi a inuwar darbejiya. Ba rauni ko ɗaya a jikinsa, laka ce kawai har gwiwa. Na jijjiga shi, na hura masa iska a baki, na kira shi Yaya har muryata ta dishe. Liman ne ya dafa kafaɗata.

Babu ruwa a gidan kowa da zai isa wankan gawa. Daga famfon aka ɗebo, tulu huɗu, ruwan farko da ya hau tanki, da ɗuminsa. Ni na riƙa zubawa liman na wankewa. Lakar ta fita daga ƙafafunsa da sauƙi, ta tafin hannunsa ce ta ƙi, don ta shekara arba'in ce.

Mutanen gari suka ce ashe mabuɗin a zaure Baffa ya manta shi na tsinta. Na bar su a haka har Inna ta fita takaba, sannan na nemi izininta, ta yi kwana biyu tana tunani ta ce in faɗa, mijinta ma yanzu ya fi son gaskiya. Na je Daura na sa an yanka mabuɗi huɗu. Ɗaya na wurin Inna, ɗaya na wurin matata, ɗaya a masallaci, ɗaya a aljihuna. Lambar injiniya na rubuta ta a bangon waje da baƙin fenti, duk damina ina sabuntawa. Mata shida suka koyi wanki da sharar akwati, Inna ce ta koya musu, ba ni ba, suna karɓa-karɓa. Rijiyar kuma ba a ƙara rufe ta ba, ana ja kullum ko da guga ɗaya ne, duk bazara ana ɗauko mai yasa daga wajen Baure, don a garinmu babu wanda ya gaji sana'ar.

Ranar da zagaye ya zo kan gidana ni nake hawa, ba na barin matata. In na gama, rana ta bugi faranta, gurnanin ya tashi, nakan bi ta gabas kafin in wuce makaranta, duk da ba hanyata ba ce. In tsuguna a bakin rijiyar in kara kunne. Gaskiya Yaya ya faɗa, ana ji. Nakan jima a wurin, ban san me nake jira ba. Matan da ke jan ruwa sun saba, sukan matsa mini wuri su yi shiru har in tashi.